Kek Arba'in da Uku na Bodil Ravnholt

Ranar Talata, sha ɗaya ga Fabrairun bana, da hantsi, Allah ya karɓi ran Bodil Ravnholt, injiniyar da ta shekara talatin da biyar tana tsara mana zaren gilashi a masana'antarmu. Ta rasu tana da shekara saba'in da ɗaya. 'Yarta Signe ce ta bugo mini waya. Ina tsaye a madafa ina yanka baƙin burodi, sai na ajiye wuƙar, na zauna, ban tashi ba har gahawata ta huce. Ban yi kuka ba. Wanda ya kai tamanin da huɗu yakan gaji da kuka kamar yadda yake gajiya da hawan bene. Ranar Asabar aka yi jana'iza. Limamin coci ya zuba ƙasa sau uku a kan akwatin, aka rera waƙa biyu, muka watse cikin ruwan sama.

Masu shirya wannan takarda ta ƙungiyar tsofaffin ma'aikata sun so su rubuta ta'aziyyar da kansu, na ce a'a. Suka ce, "To Baba Egon, ka riƙa faɗa, mu muna rubutawa." Na ce a'a. Ni Egon Madsbøl aji bakwai na yi, na shiga jirgin kamun kifi a tashar Hirtshals ina ɗan sha huɗu, kuma tun daga ranar ban rubuta abin da ya fi takardar cefane tsawo ba. Amma wannan tilas in rubuta da hannuna, don ita ce ta gindaya mini sharaɗin. Yau kwanana tara a kansa. Duk inda kuka ga magana ta karkace, haka na bar ta.

Bodil, da ke nake yanzu. Akwai abin da na ɓoye miki shekara talatin da shida. Na faɗa miki shi kwana biyar kafin ki tafi, kika ce ba ki yafe ba tukuna, sai na faɗa a gaban jama'a. To ga jama'ar nan. Sai dai ki ɗan yi haƙuri in fara da alherinki, don kada laifina ya cinye shafin da aka ware miki.

A 1984 kika zo mana. Ni a lokacin shekarata biyu da barin teku, gwiwa ta ƙi, aka ajiye ni a gindin hasumiya. Danginki da ba su taɓa shiga ciki ba, bari su sani: ana kawo sandar gilashi mai kaurin damtse, a rataye ta a tanderu can saman hasumiya, tsayin bene shida. Idan bakinta ya narke, sai ɗigon farko ya faɗo yana jan zare a bayansa. Ni ne mai tare ɗigon da safar hannu, in yanke shi, in ɗora zaren a kan gangar naɗi. Zaren bai fi gashin kai kauri ba. Shi ake naɗewa a cikin igiya a shimfiɗa a ƙarƙashin teku, haske ya bi ta cikinsa ɗauke da maganar mutane. Amma kowace kilomita gilashin yakan cinye ɗan wani abu daga hasken, kuma inda hasken ya yi rauni dole a dasa akwatin da zai ƙara masa ƙarfi. Aikinki duka, tun zuwanki har ritayarki, shi ne rage abin da gilashin ke ci. Akwai lambar da kuke auna shi da ita. Ban taɓa gane lissafinta ba, na dai san ƙarama ta fi kyau.

Makonki na farko kika sauko, kika kife bokiti kika zauna a kai, kwana uku kina kallon hannuna. Na gaji, na ce, "Yarinya, injiniyoyi a sama suke zama."

Kika ce, "Zaren ai nan yake saukowa, tsoho."

Ina da arba'in da uku a lokacin. Daga ranar na zama tsoho a bakinki, ke kuma kika zama Injiniya a nawa, ba mu taɓa canjawa ba.

A rana ta uku kika ga na sa ɗigon gilashi a aljihu. Kika tambaye ni me nake yi da shara. Na ce ni ba na rubutu, amma kowane ɗigo da kamanninsa, wani mai dogon wuya, wani kamar ƙwan kifi, kuma in na riƙe shi sai ranar ta dawo mini gaba ɗaya: wace sanda ce, wa ke sama, wace iska ke busawa. Ba ki yarda ba. Kika sa hannu cikin gwangwanin da nake tara su kika zaro guda biyar, na faɗa miki ranakunsu, kika hau ofis kika duba littafin aiki. Da kika dawo ba ki yabe ni ba, ba halinki ba ne. Kawai kika ce wa Kaj, shugaban rukuninmu, "Daga yau in littafi ya faɗi wani abu, Egon ya faɗi wani, a gyara littafin." Ba wanda ya taɓa ɗaga ni kamar haka, kafin ke da bayanki. Ku riƙe wannan maganar tata, za ku ga inda ta kai mu.

Na tuna shekarar da wani ƙunshin zare ya tsallake gwaji da kyar, jirgin shimfiɗa igiya yana jira, mutanen ofishin ciniki suna hawa suna sauka kamar an sa musu wuta. Kika ƙi sa hannu. Manaja ya sauko da kansa, ya ce ai lambar tana cikin iyaka. Kika ce masa in ya tsinke a tsakiyar teku ba shi zai fita gyara ba, mutane ne masu 'ya'ya za su tsaya a kan dandalin jirgi cikin iskar Nuwamba suna lalube da ƙugiya a zurfin kilomita huɗu. Kika juyo kika ce, "Egon, faɗa masa yadda Nuwamba take." Na faɗa masa. Aka sake jan zaren daga farko. Wata biyu manajan bai amsa gaisuwarki ba, ke kuma kullum sai kin gaishe shi da ƙarfi, har da ɗaga hannu.

Lokacin da aka kawo kwamfuta aka ce duk wanda bai iya karanta allon ba zai koma shara, kin san ni ake nufi. Ba ki ce za ki koya mini ba, don kin san da na ƙi. Sai kika ce allon ne ba shi da kan gado, kina neman wanda zai taya ki gyara shi. Mako shida muna zama bayan tashi daga aiki, kina tambayata wai wane launi ya dace da wace lamba. Sai da na shekara ina aiki da allon nan kafin na farga wa aka koyar. Da matata Tove ta rasu, ba ki kawo fure ba. Kin zo da keken nan naki mai ƙara, kika naɗe hannun riga, kika wanke kwanukan baƙi kaf, kika tafi ba sallama.

Yanzu sai maganar kek. Kowa a nan ya san dokar, kuma ba a rubuta ta a ko'ina ba: wanda ya tafka kuskure a wurin aiki, washegari zai kawo kek, ya miƙe a ɗakin cin abinci lokacin gahawar ƙarfe goma, ya faɗi abin da ya ɓata. A yi masa dariya, a cinye kek ɗin, magana ta mutu. Ba mai sake tayar da ita. Kaj ya kawo sau huɗu a shekara ɗaya. Manaja ma ya taɓa kawowa, na shago, muka ci muna kushewa. Ni kuwa har na yi ritaya ban taɓa kawowa ba, ina kuma alfahari da hakan a fili.

A Janairun 1989 kina hutun haihuwar Signe. Ƙofar shigo da kaya ta bayan hasumiya ta lalace, ba ta rufuwa gam, sanyi yana kurɗawa ya hau sama. Zare da ya fito daga tanderu sai ya yi ta rawa, kauri ya ƙi daidaita, yana tsinkewa. Sau uku na kai ƙara, aka ce mai gyara sai mako mai zuwa. Ni kuma na sayi sabon bututun murhu, irin na fitar da hayaƙi, don bukkata ta lambu, ban riga na kafa ba. Ranar wata Litinin da safe na shigo da shi ta ƙofar nan da ta ƙi rufuwa. Na tsaga shi gida biyu, na wanke shi tas, na ɗaure shi a ƙasan tanderu yadda zare zai bi ta ciki, na naɗe bayansa da audugar nan da ake cusawa a bango don tare sanyi. A benen nan na ƙasan tanderu ba mai hawa sai ni. Zare ya daina rawa. Sanda uku muka ja a haka. Ranar Juma'a mai gyaran ƙofa ya zo, na kwance bututuna na mayar gida.

Na san haramun ne. Ko fensir ba a shiga da shi hasumiya ba izini, kuma wata biyu kafin nan an sallami wani abokin aikinmu saboda ya shigo da gwangwanin maiko daga gida. Ina da 'ya'ya uku da gwiwar da ba jirgin da zai sake ɗauka. Na ce a raina an wuce wurin.

Sai aka auna zaren sandunan nan uku. Lambar ta faɗo ƙasa da duk abin da muka taɓa gani a gidan. Mai awo ya zaci na'urarsa ce ta lalace, ya sake sau uku. Aka buga miki waya, kika zo da jaririya a ɗaure a ƙirji, kika tsaya gaban takardar kina dariya kamar wadda ta sha giya. Kika ce in aka iya maimaita wannan, igiyar da ke tsallaka teku za ta rage akwatuna da yawa, kuma duk akwatin da aka rage wata fita ce aka rage wa masu gyara. Sanda ta huɗu ta koma lambarmu ta kullum. Ta biyar ma haka.

Kika sauko gindin hasumiya da baƙin littafinki. Kika kife bokiti. Kika ce, "Tsoho, riƙo ɗigon nan uku ka faɗa mini. Me ya bambanta a makon nan?"

Na riƙe su. Na faɗa miki iska, na faɗa miki wanda ke sama, na faɗa miki abin da Kaj ya ci da rana. Kika ce, "A hasumiyar fa? Wani abu ya canja?"

Na ce, "Babu."

Na ga kin rubuta: Egon ya ce babu abin da ya canja a hasumiya. Kika ja layi biyu a ƙarƙashi.

Ga gaskiyar da zan iya faɗa don kaina, ba ta da yawa: a ranar ban san bututun ne dalili ba. Me ya haɗa bututun murhu da hasken da ke tsallaka teku? Tsoron kora ne ya sa na ce babu. Amma da yake ni na faɗa, kika rufe wannan ƙofa ba ki sake taɓa ta ba. Kika koma neman dalilin a cikin sandar. Kin zargi ruwan da ke ɓuya cikin gilashi, kika tsawaita busarwa. Kin zargi iskar gas, kika canja mai kawo ta. Kin je har wurin masu yin bututun gilashin da ake fara sandar da shi, kika kwana uku kina bincika littattafansu. Kowane gwaji yakan ci wata biyu ko uku. Kowane ya gaza. Kuma duk wanda ya gaza, washegari sai ga ki da kek a bayan keke.

Mun ce miki gwajin da ya gaza ba kuskure ba ne, doka ba ta hau kanki ba. Kika ce kin ɓata wa mutane sanda da lokaci, kuma ba za ki zama injiniyar da ta fi ƙarfin kek ba. Na farkon busasshe ne kamar katako. Kaj ya ƙwanƙwasa shi a kan tebur ya ce, "Injiniya, wannan ma a kai shi awo." A shekara ta huɗu kin iya na tuffa. A ta bakwai Kaj ya ce, "Ki ƙara gazawa shekara biyu, ki buɗe shago, mu duka mu bi ki." Kina dariya tare da mu, amma na ga yadda kike tsayawa ki faɗi abin da ya gaza, kowace shekara muryar tana ƙara gajarta.

A shekara ta biyu na fara zargin bututun. A ta uku na tabbata a raina, don ba abin da ya rage ba ki gwada ba sai shi. Lokacin tsoron kora ya wuce. Abin da ya rage ya fi shi muni. Ta yaya mutumin da ake gyara littafi da maganarsa zai miƙe ya ce ya yi ƙarya? Kowane kek da kika kawo sai ya ƙara wa maganar nauyi. Na ce bari ta gaji ta bari. Ba ki bari ba. Ni kuma ina zaune a kujerata ta bakin taga, ana miƙo mini yanki, ina karɓa. Kek arba'in da uku kika kawo cikin shekara tara. Ban tsallake ko ɗaya ba, don in na ƙi ci za a tambaye ni dalili.

A 1998 kika shigo ɗakin cin abinci da wata takardar masana daga wata ƙasa mai nisa. Ba ki kawo kek ba ranar. Kika ce wasu sun nuna cewa in zare ya huce a hankali bayan fitowarsa daga tanderu, gilashin yakan samu zarafin kwanciya daidai, sai ya rage cin haske. Kika ce, "Wannan a hasumiya yake. Ban dai san yadda aka yi ya faru a tamu ba." Ba ki kalle ni ba, don ba ki da dalilin kallona. Aka gina mana tanderu na biyu a daidai inda na taɓa ɗaure bututuna, da kuɗi masu yawa, bisa tsarin wasu. Shekara biyar ina aiki a ƙarƙashinsa kafin ritaya. Na ce yanzu faɗar ba ta da amfani, sai dai ta ƙona miki rai. Wannan ma ƙarya ce, ga kaina na yi ta.

Na gaji, Bodil. Ina rubuta wannan hannuna yana ciwo, amma ba gajiyar hannu nake nufi ba. Mutane suna cewa Allah ya ba ni baiwar tunawa. Ba su san mai tunawa ba ya iya ajiye komai ba. Kaj ya rasu, mai awo ya rasu, an rushe tsohuwar hasumiya an gina wadda ta fi ta, ni kuma ina nan da ɗanɗanon kowane kek a bakina, da ranar da aka kawo shi.

Da Signe ta sanar da ni an mayar da ke gidan jinya, kuma likitoci sun daina maganar magani, na ɗauko littafin girkin Tove. Ban taɓa kunna tanda ba a rayuwata. Na yi na tuffa, gindinsa ya ƙone. Ranar Alhamis da azahar na hau jirgin ƙasa da shi a cinya, da ɗigon nan uku a aljihu.

Kin rame har na so in juya. Amma idon yana nan. Kika kalli kwalin, kika kalle ni.

"Signe, tashe ni zaune. Tsoho ya kawo kek. Duniya ta zo ƙarshe." Kika numfasa. "To, me ka ɓata?"

Na tsaya a ƙafar gadon kamar yadda ake tsayawa, na faɗa. Ƙofar, sanyin, bututun, audugar. Da na ambaci audugar kika rufe ido.

"Audugar bango. A hasumiyata."

"E."

"Tsawonsa nawa?"

"Mita biyu da rabi."

"Faɗinsa fa? Nisansa da bakin tanderu? Kar ka ce ka manta, kai ba ka mantuwa."

Na faɗa miki duka. Kika sa Signe ta ba ki biro da takardar zaɓen abincin gobe, kika juya bayanta kika hau lissafi. Minti goma kina kansa. Sannan kika ajiye biron.

"Mako biyu," kika ce. "Da ka faɗa mini, da mako biyu ya ishe ni."

Kika juya fuska wajen taga. Na taɓa tsayawa a kan jirgi igiyar ruwa ta fi gida tsayi, ban ji abin da na ji a ɗakin nan ba. Can kika ce, ba tare da kin juyo ba, "Nawa ka ci?"

"Duka. Arba'in da uku."

"Har da mai katakon?"

"Har da shi."

"Allah ya ƙara." Sai kika yi wani sauti, ban sani ba dariya ce ko tari. "Na rasa bukukuwan makarantar yarinyar nan saboda kai, tsohon banza. Na zaci kaina ne ba ya ja."

Na ce, "Ki yafe mini, Injiniya."

Kika ce, "A'a. Ba tukuna ba. Wace doka ce ta ce a faɗa a ɗakin jinya, gaban mutum biyu? Ni a gaban kowa na tsaya, sau arba'in da uku. Ka tsaya sau ɗaya. Ka rubuta a takardar ƙungiya, da hannunka, kada wani ya gyara maka. Sannan mu gani."

Na zuba miki ɗigon uku a tafin hannu. Kika ɗaga ɗaya wajen haske kika daɗe kina kallo. Da zan fita kika ce, "Gindinsa ya ƙone, ina jin ƙaurin daga nan. A rage wuta, a bar shi ya huce a hankali. Kai ya kamata ka fi kowa sanin wannan."

Na zaci ina da lokaci. Na sayi takarda ranar Juma'a, na zauna ranar Asabar, na rubuta layi biyu na yaga. Ranar Talata wayar ta yi ƙara.

Bayan jana'iza, wurin gahawa, Signe ta ja ni gefe. Ta ciro baƙin littafin 1989 daga jaka, ta ce kin sa ta ɗauko shi daga gida washegarin zuwana. Ta buɗe shafin. Layin nan mai ja biyu a ƙasa kin soke shi. A gefe, da rubutun da ke gangarowa, kin sa: Bututun murhu, mita biyu da rabi, audugar bango. Dalili ya samu. A ƙarƙashinsa akwai wani layin, amma Signe ta danne shi da babban yatsa.

Na ce, "'Yata, ɗaga in gani."

Ta ce, "A'a, Baba Egon. Mama ta ce sai na ga rubutunka a buga. Ta ce in ka yi taurin kai, in rufe littafin in ajiye."

Ban san abin da ke ƙarƙashin yatsan nan ba. Mai yiwuwa yafewa ce, mai yiwuwa zagi ne, na kuma san wadda ta rubuta za ta iya haɗa biyun a layi ɗaya. Kowanne ne, nawa ne, zan karɓa.

Ku da kuka yi aiki da ita, ga abin da nake so ku riƙe. Bodil Ravnholt ba ta gaza ba a shekarun nan tara. Ta yarda da maganar mutumin da ba ya rubutu, ta fifita ta a kan littafi, shi kuma ya ci amanarta. In akwai kuskure a wurinta, wannan ne kaɗai, kuma ina roƙon injiniyoyin yanzu kada su ɗauki darasin da ba shi ba. Ku ci gaba da saukowa gindin hasumiya. Ku dai tambaya sau biyu.

Ya Ubangiji, ka ji ƙan baiwarka Bodil. Ta yi rayuwarta tana share wa haske hanya a cikin duhun teku, ka haskaka mata makwancinta. Ka gafarta mata kurakuranta, waɗanda ta riga ta tsaya ta faɗa a gaban mutane fiye da kowa a cikinmu. Ka ba ta hutun da na hana ta. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinta Preben, wanda ya ci ragowar gwaje-gwajen kek a gida bai taɓa ƙorafi ba, da 'yarta Signe, da jikokinta biyu, da 'yan uwanta, da duk wanda ya taɓa jan zare a ƙarƙashin sa hannunta. Allah ya ba ku haƙuri, ya sanyaya zukatanku. Preben, kai ma na cuce ka, ka yafe mini in za ka iya. Mu da muka rage, Allah ya sa mu sauke abin da muke ɗauke da shi tun da sauran mai ji.

Na nemi izini a masana'anta, sun ba ni. Juma'ar da ke bin fitowar wannan takarda, ƙarfe goma, ina ɗakin cin abinci, zan miƙe in maimaita da bakina. Duk mai ƙafa ya zo. Na gwada kek ɗin sau uku a makon nan, na rage wuta kamar yadda ta ce.

Signe, ki taho da littafin.